Kwanon Tsohuwar Gidanmu

A gidan hayar da na girma a unguwar Tishigu, cikin garin Tamale, kwano ba ya komawa hannun mai shi fanko. Ba wanda ya kafa wannan doka, haka muka tashi muka tarar. In maƙwabciya ta aiko miki da miya, sai ki wanke kwanon tas, ki sa wani abu a ciki kafin ki mayar: gyaɗa, albasa, gutsuren sabulu, ko tuwo in kin tuƙa. Ita kuma ba ta da bakin cewa a'a, don ba kyauta kika yi mata ba, kwanonta kika mayar mata da mutunci. Wadda duk ta mayar da kwano fanko, za ta ji ana maganarta a bakin famfo kafin rana ta faɗi.

Mu kaɗai ne Kirista a gidan. Mahaifina ɗan sanda ne da aiki ya kawo Tamale, ya rasu ina ƙarama, ya bar wa Mama ɗaki ɗaya da tukunyar koko. Da kokon nan da ƙosai ta raine ni har ta aurar da ni. Mijina malamin firamare ne, kuma mai wa'azi a ɗan cocinmu na masu jin Hausa. Da ya rasa ɗaki a gari, sai ya kama wanda ke manne da na Mama. Suruki da suruka ƙofa da ƙofa, kowa na kunyar kowa. In ta fito ya koma ciki, in ya fito ta juya baya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi. Duk maganar da za su yi wa juna, ta bakina take bi.

Uwar mai gidan kuwa tsohuwa ce 'yar ƙabilar Dagomba, kowa Mma yake ce mata. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, kuma a Hausarta babu mace, kowa "kai" ne, har jaririyata. Ita da Mama sun daɗe tare. Da babbar Sallah cinyar rago take aiko mana, da Kirsimeti kuma Mama ta cika mata babban kwano da shinkafa da zabo. Ranar da na haihu, Mma ce ta fara yi wa 'yata wanka, tana mita wai mu 'yan boko ba mu san riƙon jariri ba.

Abin ya fara lalacewa ne lokacin da wani saurayi ya dawo daga karatu ya kafa lasifika a unguwa. Ban da abin da yake faɗa a kan bokaye da masu kaɗe-kaɗe, sai ya ɗora da cewa kada a ci abincin Kirista. Yawancin manya ba su kula shi ba, amma ɗan Mma, mai gidanmu, wanda ke da shago a kasuwa, ya bi shi ido rufe. Ba a jima ba aka fara raɗe-raɗin wai da man alade Mama ke suyar ƙosai, ita da ko warinsa ba ta sani ba. Mutanen da suka yi shekaru suna shan kokonta suka riƙa wucewa suna kallon wancan gefen titi. Yara suka koyi jifar rufin coci muna tsakiyar addu'a.

Da Kirsimetin shekarar, Mama ta zuba shinkafa kamar yadda ta saba, ta aika. Can sai ga Mma da kanta ta ratso tsakar gida da kwanon a hannu, ta ajiye a ƙofarmu, a rufe yadda aka kai shi.

Ta ce, "Yaro nawa ya ce ba mu ci abinci na coci. Kai yi haƙuri."

Matan gida duk suna waje, kowa ta ga abin da ya faru. Mayar da kwano fanko rowa ce, amma mayar da shi da abincin da aka kawo a ciki, wannan yanke zumunci ne. Mama ta ce, "Ba komai, Mma," ta ɗauka ta shiga ɗaki. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa ina huci, don Allah bai halicce ni da irin haƙurin uwata ba. Da Mama ba ta ja zanena daga ciki ba, da na faɗi abin da zai sa a watso mana kaya waje.

A coci kuwa ba maganar da ake yi sai ta tsanani da lalacewar zamani. Lalacewar kam akwai ta. Shaguna sun zama kango, sabulu da sukari sai ta bayan fage wurin 'yan kalabule, masu ɓoye kaya su sayar da tsada. Matan aure na bin masu kaki saboda gwangwanin madara. Kowace Lahadi mijina yakan jera waɗannan zunubai daga kan bagade, ya kuma tambaya me ya kamata mai bi ya yi. Samari suka ce a tanadi sanduna a bayan coci. Dattawa suka ce a'a, mu dai mu ware kanmu, mu bar duniya da halinta. Shugabar zumuntar mata, wata ƙatuwar mace mai murya kamar ganga, ta ce daga yau kada kwanon 'yar zumunta ya sake shiga ɗakin wanda ya ƙi mu. Na tafa mata har tafina ya yi zafi. Mama tana zaune a bencinta, ba ta tafa ba.

Sai shekarar tamanin da uku ta zo. Ruwa ya ƙi, wutar daji ta cinye abin da ya rage, ga 'yan'uwa da aka koro daga Najeriya sun cika gidaje da bakuna. Wanda bai ga yunwar nan ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ƙasusuwan wuya suka fito wa kowa, mai kuɗi da talaka. Mama ta kife tukunyar koko don babu geron da za a jiƙa. A cikin haka masu kamen 'yan kalabule suka fasa shagon ɗan Mma, suka sami buhuna a ɓoye. Ya tsere ya tsallaka iyaka, matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta, aka bar tsohuwa ita kaɗai a babban ɗaki. A coci aka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ni ma na ce amin da ƙarfi.

Mu kuwa Allah ya dube mu ta hanyar masarar agaji, wata rawaya da aka riƙa aiko wa coci-coci daga ƙasashen waje. Tuwonta ba daɗi, yana da wani wari, amma yana tsayar da ƙafa. Dattawa suka yanke cewa ta 'yan ikilisiya ce kaɗai. Ba zan ce kowane buhu ya isa inda aka nufa da shi ba, don an ga irin masarar nan a kasuwa, kuma ba Musulmi ne ke riƙe da mabuɗin sito ba. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa, wa'azin lalacewar zamani bai taɓa biyowa ta nan ba.

Murhun Mma yakan yi kwanaki ba hayaƙi. Tana fitowa da safe ta share ƙofarta, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno da carbi, bayanta a miƙe kamar ba abin da ke damunta. Duk wanda ya tambaye ta, sai ta ce ta ci. Mace ce da ta yi shekaru tana ciyar da gida guda, ta gwammace ta mutu a zaune da a ce ta miƙa hannu, balle ga mutanen da ta mayar wa shinkafa.

Wata safiya ina shanya, sai na ga Mama ta nufi ƙofar Mma hannu rabbana. Ta durƙusa har ƙasa irin gaisuwar Dagomba.

"Dasiba, Mma."

"Naa," in ji tsohuwa, ba ta ko dube ta ba.

"Mma, don Allah ko kina da 'yar kuka? Na ɗora miya, na duba tawa ta ƙare."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuka fal a ɗakinmu, ni na daka ta da hannuna. Ga uwata, mai furfura, a durƙushe a gaban matan gida tana roƙon matar da ta ci mana mutunci. Mma ta ajiye carbinta. Can ta dafa bango ta tashi, ta shiga ɗaki. Na yi sauri na ɗauko ƙaramin kwanonmu don a zuba a gama abin kunyar da wuri, sai Mama ta watso mini wata harara da ta tsayar da ni inda nake. Tsohuwa ta fito da kukar a cikin kwanonta, wani fari mai shuɗin baki da ya ɗan ɓantare a gefe.

Da muka shiga ɗaki na ce, "Mama, me ya yi zafi? Mun rasa abin miya ne?"

Ta ce, "Ke dai hura wuta."

Da tuwo ya nuna, ta wanke farin kwanon, ta malmala tuwo a ciki, ta zuba miya, ta rufe. Ta kai ƙofar Mma ta ajiye, ta ce, "Ga kwanonki, na gode," ta juyo ba ta jira amsa ba. Sai a lokacin kaina ya buɗe. Ina leƙe ta labule na ga tsohuwa ta dubi kwanon, ta dubi tsakar gida, sannan ta ɗauka ta shige ciki. Ba ta da hanyar mayar da shi, ai nata ne.

Daga ranar, Mama ta zama maroƙiya. Yau kuka, gobe kanwa, jibi daddawa. Da waɗannan suka ƙare a ɗakin Mma, sai ta koma roƙon tokar miya. Abin mamaki, tsohuwar da ta fara kasa tashi sai ga ta tana fita bayan gari tsinkar ganye, tana shanyawa, tana dakawa, don kada Mama ta zo ta tarar ba abin da za a ba ta. Har faɗa take yi mata.

"Kai kullum babu, kullum babu. Wane irin mace ne ba ya ajiye kayan miya?"

Mama ta sunkuyar da kai ta ce, "Sakaci ne, Mma."

Na tabbata Mma ta san abin da ake ciki, Mama kuma ta san ta sani. Amma tunda ba wanda ya faɗa, kowacce da mutuncinta take kwana. Ni dai ban daina jin nauyi ba in na ji matan gida suna ƙus-ƙus, wai Kiristan nan da masararsu amma ko gishiri sai sun roƙa. Rabon Mama ne ake rabawa biyu, shi ya sa zanenta ya fara zagaye ta har ya yi saura. Na taɓa ba mijina labarin dabarar a ɗaki, muka yi dariya, ya ce lallai surukarsa ta fi shi sanin wa'azi.

Magana ba ta kwana a Tishigu. Shugabar zumunta ta sami mijina ta ce surukarsa tana zubar da darajar ikilisiya, kullum tana durƙushe a ƙofar waɗanda suka tsananta mana, kuma ana zargin masarar Ubangiji tana bin ta can. In ba ta daina ba, za a sa ta ƙarƙashin horo, ta koma bencin baya, a kuma janye rabonta. Mijina mutumin kirki ne, abin ya dame shi ƙwarai. Bai iya tunkarar Mama ba saboda kunya, sai ya yanke shawarar wanke ta a hanyar da ya fi iyawa.

Mu mutanen coci muna da al'adar ba da shaida. Duk abin kirkin da Allah ya yi, sai an tashi an faɗa a gaban jama'a, a yi tafi, a yi waƙa. Ranar Lahadi mijina ya hau bagade ya ce yau yana da shaida. Ya zayyana komai, tun daga shinkafar da aka mayar har zuwa kukar da ke fal a ɗakinmu. Ya ce ga amsar da muke nema, ga yadda mai bi zai yi da masu tsananta masa, ya ciyar da su. Coci ya ɗauki guɗa. Ni kaina na zauna ina fankama, yau an san uwata ba maroƙiya ba ce. Mama ta ja ɗankwalinta ta rufe fuska, aka ɗauka tawali'u ne. Ba dama ta ce wa suruki ya zauna a gaban mutane.

Kafin a tashi, shugabar zumunta ta miƙe da hawaye a idonta, ta ce Ubangiji ya tsauta mata. Ta ce abin da 'yar'uwa ɗaya take yi a ɓoye, yau zumunta duka za ta yi shi a fili, unguwa ta ga ƙaunar Almasihu. Mama ta bi ta har bakin ƙofa tana cewa, "Ki rufa mini asiri, ku bar tsohuwar nan." Ta rungume Mama ta ce aikin Ubangiji ba abin ɓoyewa ba ne. A hanyar gida Mama ta ce mini, "Ki gaya wa malam ya buɗe tukunyar da ba shi ya ɗora ba." Ban gane ba, na ɗauka irin ƙorafin tsofaffi ne.

Da la'asar muka shigo gidan cikin ankon zumunta, ana buga tulu, ana kaɗa caki, ana waƙa. Ni aka ɗora wa daron masara a ka, tunda ni ce 'yar gida. Yaran unguwa suka biyo mu, manya suka cika ƙofa, har masu jifar rufin coci suna leƙe ta katanga. Mma tana kan kujerarta da carbi. Shugaba ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta ɗaga muryar nan tata yadda na bayan katanga ma zai ji.

"Mma, mun san yunwa ta kama ki. Mun san 'yar'uwarmu ta daɗe tana ciyar da ke, tana yi kamar roƙo take don kada ki ji kunya. Kun mayar mana da abinci, kun jefe mu, amma mun yafe. Ga masara, ki ci a fili, ba sai an yi dabara ba."

Na sauke daron a gabanta. Da na ɗago, idona ya faɗa cikin nata. Ba fushi na gani ba, da fushi ne da sauƙi. Irin kallon da mace ke yi ne in zanenta ya kwance a tsakiyar kasuwa. A nan take duk fankamar da na kwaso daga coci ta zube, na ji ankon jikina yana ƙona ni. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar uwata ba ce wannan karon, kunyar mu ce, mu masu waƙa.

Mma ta dafa bango ta miƙe. Ta ce, "Mun gode. Ni ba ya jin yunwa." Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Zumunta ta ƙara waƙa ɗaya, aka yi addu'a, aka watse ana cewa iri ya faɗi, sai a jira tsiro. Daron ya kwana a ƙofarta. Da safe ta fito ta share kewayensa, ba ta taɓa ko ƙwaya ba, a shekarar da mutane ke tsintar hatsi a ƙasan kasuwa.

Farin kwanon yana ɗakinmu, don da safiyar Lahadin Mama ta karɓo toka a ciki. Ta tuƙa tuwo, ta malmala, ta zuba miya, ta rufe. Wannan karon na bi ta a baya. Ta durƙusa a bakin labule.

"Mma, ga kwanonki."

Can muryar Mma ta fito daga ciki, a hankali, ba faɗa.

"Kwano nan na ba kai. Kyauta ne. Kar ka maido."

"Haba Mma, naki ne. Tun ina amarya a gidan nan nake ganinsa a hannunki."

"Da nawa ne. Yanzu naka ne."

Kwanon da aka ba ka kyauta ba a mayar da shi, ba kuma abin da za ka sa a ciki. Mama ta san haka, Mma ta san ta sani. Ta daɗe a durƙushe da tuwon a hannu har ya daina tururi, sannan ta ce in kama ta ta tashi, gwiwarta ta riƙe.

Ba ta fasa ba. Washegari ta koma roƙon kuka, aka ce babu. Ta roƙi toka, aka ce babu. Ta aika ta hannun wata maƙwabciya Musulma, tsohuwa ta dubi rawayar tuwon ta gane, ta ce ta ƙoshi. Mijina ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri, ta sa masa albarka ta cikin labule, ta ce yaron kirki ne, bai yi komai ba. Ya dawo ya zauna a bakin gado, ya ƙi cin abinci, kamar hakan zai ƙara wa wani ƙiba.

Bayan ɗan lokaci danginta suka zo daga wani ƙauye bayan Sagnarigu suka tafi da ita a amalanken jaki. Sai da aka ɗauke ta aka ɗora, hannunta bai fi kaurin muciya ba. Ba ta ga sabon gero ba. Tsohuwa ce, ba zan rantse cewa yunwa ce ta kashe ta ba, mutane da yawa sun tafi a shekarar. Abin da na sani shi ne tana ci kafin mu zo mata da waƙa.

Har yau a cocinmu, in aka zo wa'azi a kan tsanani da lalacewar zamani, akan tuna yadda zumuntar mata ta kai wa maƙiya masara a shekarar yunwa, a yi tafi. Wani lokaci a juyo a dube ni, a ce ga wadda ta ɗauki daron tana nan da ranta. Nakan sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne.

Mama ba ta sake zuba komai a kwanon ba har ta rasu, sai dai ta wanke shi ta kife. Yanzu yana wurina. Jikata ta taɓa ɗaukowa za ta sha gari a ciki, na ce ta ajiye, na mutane ne. Ta ce to me ya sa ba a mayar musu ba?